Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano Kan Tsofaffin Gidajen Sinima Da Gine-ginen Fagge Da Sabon Gari

Mai girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya yi riƙo da hannunka a kan nauyin da ya ɗora maka, na rubuto ne a kan wata magana da na tabbata ba ta cikin fayilolin da ake jibge maka a tebur kowace safiya. Maganar tsofaffin gine-ginen Fagge da Sabon Gari da kewayen Kurmi ce, musamman gidajen sinima, waɗanda kasuwa ke cinyewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ko ɗauki hotonsu an ajiye ba. Ina roƙo, in wasiƙar ta iso gare ka, a miƙa kwafinta ga Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa da kuma hukumar tsara birni ta KNUPDA, don mafi yawan aikin a hannunsu yake.

Na san akwai wanda zai taɓe baki tun daga nan ya ce, ana fama da tsadar abinci da rashin ruwan famfo, wani kuma sinima ce ta dame shi. Akwai kuma wanda zai ce gara da suka rushe, ai gidajen shaiɗan ne. Dukansu zan ba su amsa, amma bari in fara da abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Duk baƙon da ya zo Kano, hanya ɗaya muke bi da shi. A kai shi Dala ya hau ya hango gari, a sauko a nuna masa abin da ya rage na ganuwar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta tsakanin 1095 da 1134, a ratsa Kurmi wadda Muhammadu Rumfa ya kafa, a leƙa marinar Ƙofar Mata, a ƙare a Gidan Makama. Duk wannan daidai ne, abin alfahari ne kuma. Sai dai in ka lura, labarin da muke ba baƙon yana yankewa ne a 1903, shekarar da sojojin Turawa suka shigo birni. Daga nan sai mu yi gum, sai ka ce Kano ta daina yin tarihi. Alhali jirgin ƙasa ya iso a 1911, an yanka Sabon Gari wajen 1913, jirgin sama ya fara sauka a 1925, dalar gyaɗa ta tashi, Kwarori sun kafa kantunan da har gobe muke kira Kantin Kwari. A wani gida a Sabon Gari mutum takwas suka zauna ranar 8 ga Agusta 1950 suka kafa NEPU, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya ja ragamarta, wadda kusan kowane ɗan siyasar Kano a yau ke bugun ƙirji yana cewa shi ne magajinta. Ranka ya daɗe, ɗalibi nawa ne a jihar nan zai iya kama hannunka ya kai ka ƙofar gidan? Kanon da muke rayuwa a cikinta yanzu, ta kanti da jam'iyya da fim, a waɗannan unguwanni na bayan ganuwa aka haife ta, kuma su ne ba wanda ke lissafa su cikin kayan tarihi.

Gidajen sinima su ne misalin da ya fi fitowa fili. Ban da su, abin da talaka ya sani shi ne majigi, wato motar gwamnati da ke zuwa ƙofar fada ko filin unguwa ta kafa farin ƙyalle, ta nuna yadda ake noman auduga da tsaftace rijiya, kyauta. Gidan sinima na farko a Kano shi ne Rex, wadda wani ɗan kasuwa ɗan Lebanon ya buɗe a Sabon Gari a 1937. Daga baya sauran suka biyo sahu: El Duniya, Palace, Queens, Plaza, Orion, Wapa, Eldorado, Marhaba. Tun asali a bayan ganuwa aka ajiye irin waɗannan wurare, tare da otal-otal da gidajen giya, domin birni na Musulmi ne, ƙarƙashin Sarki da alƙalansa yake. Shi ya sa da aka zo gina Palace a Jakara, cikin birni, dab da Kurmi, gari ya ɗauki zafi. Malamai suka yi ta wa'azi a kai, ana kiran abin dodon bango, kuma ko bayan an buɗe ta a 1952, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, samarin unguwa sun riƙa jifan 'yan kallo ta saman katanga, tunda ba ta da rufi. Ƙarshenta dai Palace ta daina nuna fim, aka mai da wurin asibiti.

Ana cikin wannan ja-in-ja ne gobara ta tashi a El Duniya, ranar 13 ga Mayu 1951. Faifan fim na wancan zamani da wani sinadari ake yin sa mai saurin kama wuta, wanda in ya kama ko ruwa ba ya kashe shi. Wutar ta tashi daga ɗakin injin haska fim ta bi rufi, kuma cikin mutum kusan 600 da ke ciki, 331 suka rasu. Gwamnatin Turawa ta naɗa alƙali ya yi bincike ya rubuta rahoto. A cikin gari kuwa mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin ishara daga Allah, wasu har suna gardamar ko ya dace a yi wa mamatan salla. Mutum 331 a rana ɗaya, a Kanon da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na girmanta na yau ba! Da wuya a ce akwai unguwar da ba a shimfiɗa tabarmar makoki ba. Amma ka tare matashi goma a Bata ka tambaye su El Duniya, in ka sami ɗaya da ya taɓa jin sunan ka yi sa'a. 'Ya'yan mutane ne suka mutu, mafi yawansu samari, kuma ko wane ra'ayi mutum yake da shi kan abin da ya kai su wurin, sun cancanci a san cewa an yi su.

Mu da muka yi ƙuruciya a Fagge a shekarun 1970 da 1980 mun tarar da gidajen nan suna kan ganiyarsu. Tun da hantsi za a kafe fosta a allon bakin ƙofa, yara su taru suna tsara wa juna labarin daga hoto kawai: wannan ne jarumin, wancan mai gashin bakin shi ne bos, wannan yarinyar ita za a sace. Galibin gidajen ba rufi, sai duhu ya sauka sosai kafin a ta da inji. Layin tikiti kuwa sai mai ƙarfi, ana turereniya a gaban wata 'yar taga da hannu kaɗai ke shiga. Mai ƙaramin kuɗi ya zauna kan benci can gaba yana ɗaga wuya, mai hali ya hau sama kan kujera. Hasken inji ya ratsa ta saman kawuna, ƙwari na ta shawagi a cikinsa, masu gyaɗa da rake da sigari na bi layi-layi. In faifai ya tsinke ana tsakiyar faɗa, fito da ihu su kaure, ana zagin mai inji, shi kuwa yana can ɗakinsa yana gumi yana liƙawa. Yawancin darare na Indiya ne, a bar wa Canis da kaboyi abin da ya rage. Mutanen da ba su jin ko zo in kashe ka da Indiyanci sun haddace waƙoƙi baiti-baiti, sun raɗa wa 'yan wasan sunayen Hausa, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Kuma gaskiya ɗaya ce, wuraren ba na kamun kai ba ne. Akwai 'yan daba, akwai masu yankan aljihu, akwai hayaƙin da ba na taba ba, kuma 'yar mutunci ba ta taka wurin. Yaron da aka gani a bakin Plaza da dare ya san akwai bulala tana jiransa a zaure.

To amma daga kan waɗannan bencina sana'ar fim ta Kano ta fito. Samarin ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da suka fara ɗaukar fim ɗin Hausa a kaset a 1990 a nan suka koyi yadda ake ƙulla labari da inda ake saka waƙa. Marubutan littattafan soyayya da suka cika kasuwa tun daga shekarun 1980 a nan da yawansu suka sha. Har masu bandiri sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya sun ɗora begen Annabi a kai. Yau dubban mutane ke cin abinci a Kannywood, daga mai riƙe kyamara har mai dafa wa 'yan wasa abinci, gwamnati kuma tana da hukumar tace fina-finai tun 2001, tana ba da lasisi tana karɓar kuɗi. Muna cin 'ya'yan itacen, mun bar gindinta ga mai gatari.

Yadda gidajen suka mutu ba ɓoyayye ba ne. Bidiyo ya shiga ɗakuna, matan aure da dā ba su da rabo a kallo suka zama manyan masu sayen kaset. Bayan ƙaddamar da shari'a a 2000 aka ƙara matsa wa gidajen kan cakuɗuwar maza da mata. Sai faifan CD, sai tauraron ɗan'adam, sai gidajen kallon ƙwallo, sai waya da ta zo ta rufe ƙofa. A ɗaya gefen kuma kuɗin fili a Fagge da Ƙofar Wambai da Sabon Gari ya yi tashin gwauron zabo. Mai gida ya rasu, magada suna da yawa, kowa na son kasonsa, ga ɗan kasuwa a tsaye da kuɗi a hannu yana son ya zuba shaguna. Ban ga laifin magajin da ya sayar ba, haƙƙinsa ne. Laifin yana wurin da ba a tanadi wata doka ko wani tayi da zai sa ya dakata ko na wata ɗaya ba. Abin da ya rage yanzu galibi sunaye ne a bakin 'yan adaidaita sahu. Yaro zai ce a sauke shi a Wapa ya je wajen 'yan canji, bai san an taɓa yin layin tikiti a nan ba.

Ga masu cewa gidajen shaiɗan ne, ina girmama damuwarsu, kuma ba ina roƙon a dawo da 'yan daba da hayaƙi ba ne. Na tuna yadda aka yi a 2016, lokacin da gwamnatin tarayya ta so gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, malamai suka tashi tsaye har aka janye. Wannan gardama ta fi shekara saba'in ana yin ta a Kano, kuma ita kanta tarihi ce. Malaman da suka yaƙi Palace suna cikin labarin, kamar yadda masu kallon suke ciki. In aka share ginin aka share labarin, har da nasarar waɗancan malamai aka share. Wane ne cikin masu zuwa awo a asibitin Jakara ya san abin da aka yi kafin wurin ya zama asibiti? Ajiye gini ba ya nufin amincewa da duk abin da aka taɓa yi a cikinsa. Gidan Ɗan Hausa na Bature ne, Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909 lokacin da iyayenmu ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu don kada a ɗauke su, amma ga shi yau a cikinsa hukumar al'adunmu take zaune. Kuma kada a manta Malam Aminu Kano da kansa ya rubuta wasannin kwaikwayo, marigayi Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule ma ɗan wasan kwaikwayo ne tun yana malamin makaranta. Dandali wuri ne kawai, abin da aka hau da shi kansa shi ne abin dubawa.

Ga masu cewa ba kuɗi, a duba ƙasashen da ba su kai mu arziki ba. A Asmara, babban birnin Eritiriya, akwai gidan sinima mai suna Impero da Italiyawa suka gina a 1937, shekara ɗaya da Rex. Mutanen ƙasar sun sha wuyar mulkin mallaka sun sha ta yaƙi, amma ba su rushe shi ba, kuma a 2017 UNESCO ta saka birnin cikin wuraren tarihi na duniya saboda gine-ginensa na ƙarni na 20. Maƙwabtanmu na Agadas sun sami irin wannan a 2013 da tsohon garinsu na laka. Mu kuwa tun 2007 aka saka ganuwar Kano da wuraren da ke tattare da ita a jerin masu jiran gado, har yau muna nan a layi. Nijeriya duk girmanta wurare biyu kaɗai gare ta, Sukur da kurmin Osun na Oshogbo. Hawan Sallar Kano ya samu shiga jerin al'adun duniya a ƙarshen 2024, abin farin ciki, kuma hakan ya nuna in an sa kai ana iyawa. Sai dai doki da mahayi kowace shekara sabuntawa suke yi, gini kuwa in ya faɗi ya faɗi ke nan.

Ganuwar ma ya kamata ta zame mana darasi. Tana cikin rajistar gwamnatin tarayya, akwai dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da ya kamata ta kare ta, amma duk wanda ya bi titin BUK ko ya zaga ta Ƙofar Ruwa ya ga yadda aka yi mata: nan an ɗebi ƙasa, can an kafa gareji, gaba an mai da ita juji. Ƙofar Na'isa ta asali an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, aka gina wata a madadinta. In abin da ke da takarda ya sha haka, ina ga wanda ba wanda ya taɓa rubuta sunansa? Don haka rajista kaɗai ba ta isa ba, amma ba abin da zai yiwu sai da ita.

Da ita nake roƙon a fara. A tura ɗaliban tarihi da na zanen gine-gine na Jami'ar Bayero da ta Wudil, su bi Fagge da Sabon Gari da titin Beirut da kewayen tashar jirgin ƙasa layi-layi, su rubuta kowane gini da ya girmi 1970 kuma yake da labari: gidan sinima, tsohon kanti, sito na gyaɗa, gidan ma'aikatan reluwe, tsohuwar majami'a, tsohon masallaci, gidan da aka yi taron siyasa. Su auna, su ɗauki hoto, su tambayi maƙwabta. Wannan aikin hutun zango ɗaya ne, kuɗinsa bai kai na kwalta kilomita guda ba. Takardun zamanin Turawa kan lasisin gidajen sinima da taswirar filaye suna ajiye a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, mota kawai za a hau a je a kwafo.

Bayan an sami rajistar, a ba KNUPDA umarni kada ta sa hannu kan rushe ginin da ke ciki sai an ba hukumar tarihi wata uku ta shiga ta ɗauki abin da za ta ɗauka. Ba hana mutum dukiyarsa nake nufi ba. Wanda ya yarda ya bar fuskar ginin da sunansa yadda suke, ya zuba shagunansa a ciki, a rage masa kuɗin ƙasa da haraji na wasu shekaru. Ɗan kasuwar Kano lissafi yake ji, in ya ga riba a ajiyewa zai ajiye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a ceci ko da gida ɗaya. A duba cikin waɗanda katangarsu da ɗakin injinsu ke tsaye, gwamnati ta saya da farashin kasuwa, ta gyara ba tare da ta lulluɓe shi da tayil da gilashi ya koma kamar banki ba. A bar bencin, a bar tagar tikitin. Da rana ɗaliban firamare da sakandare su zo su ga tsohon inji da faifai da fosta, su ga kaset da kyamarorin da aka fara fim ɗin Hausa da su, waɗanda yanzu suke ruɓewa a ɗakunan ajiya na mutane. Da yamma a yi wasan kwaikwayo na makarantu, gasar waƙa, ƙaddamar da littafi, musabaƙar Alƙur'ani, ƙarƙashin ƙa'idojin da hukuma ta gindaya, maza gefe mata gefe in an ga dama. Gidan kallo na zamani yana da amfaninsa, amma ɗan mai faskare daga Kurna ba zai iya kuɗin ƙofarsa ba, kuma ba ya ba kowa labarin garin nan.

Sai mutanen. Masu haska fim, masu sayar da tikiti, masu gadin ƙofa, masu zana fosta da hannu, waɗanda suka rage a raye galibi sun tsufa. Wanda ya ga gobarar El Duniya da wayonsa yanzu ya doshi casa'in ko ya wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan rediyon jiha da gidan talabijin na ARTV suna da na'ura suna da ma'aikata, a ba su umarni su bi waɗannan dattawa gida-gida su naɗi muryoyinsu a bana, a ajiye kwafi a Gidan Ɗan Hausa, wani a Mambayya, gidan Malam Aminu Kano.

Ranka ya daɗe, na ƙarshe shi ne mafi sauƙi, ko majalisa ba sai an kai ba. Kafin 13 ga watan Mayu mai zuwa, a tabbatar da inda El Duniya ta tsaya daga taswirar da ke Kaduna da bakin dattawan unguwa, a nemi izinin mai wurin, a kafa allon ƙarfe da Hausa da ajami da Turanci mai ɗauke da ranar da adadin waɗanda suka rasu. A gayyaci limamai da jikokin mamatan a yi musu addu'a. In an sami jerin sunayensu a takardun binciken, a rubuta su duka.

Allah ya taimaki Gwamna, ya ba Kano lafiya da zaman lafiya.

Wassalam,
Wani dattijo daga Fagge, Kano